Injin da Aka Tayar Babu Ruwa

Injin ya kama da ruri, hayaƙi ya turnuƙe rumfar, kajin gidan suka watse. Mai Fito ya saki igiyar ya ja da baya yana haki. Rumfar maƙwabcinsa ce, makanikin injin jirgin ruwa da duk bakin kogi ke kira Sai-Gobe, kuma babu wanda ya yi masa izinin shigowa.

Matar gidan ta fito da gudu, hannunta duk kumfar wanki.

"Kashe! Ya ce ka kashe!"

Mai Fito ya kashe. A cikin shirun da ya biyo baya wata siririyar murya ta fito ta tagar ɗaki.

"Wane jakin ne ya tayar da inji a kan tudu?"

Tun da ciwo ya kwantar da Sai-Gobe ba a ji ya haɗa magana mai tsawon wannan ba.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajen biyu, amma rabon da su yi gaisuwar kirki har an manta. Asalin abin ruwa ne. A cikin durom Sai-Gobe ke gwada injuna, in ya gama sai ya tuntsurar da shi, ruwan da baƙin mai su bi ta ƙarƙashin katanga su kwanta a ƙofar Mai Fito. Daga baya Mai Fito ya je ya sayo wani tsohon inji da araha a hannun masunta, wanda ya taɓa kwana a ƙasan kogi, bai nemi shawarar maƙwabcinsa ba. Da injin ya ƙi tashi, dole ya ɗauko shi ya kawo, don babu wani makaniki a kusa. Kullum ya leƙo, amsar ɗaya ce: sai gobe. Ana cikin haka Sai-Gobe ya kwanta ciwo.

Yanzu abu ya zo wuya. Shugaban masu fito ya ce in ranar kasuwa ta zo kwale-kwalensa ba inji, za a ba wani gurbinsa a mashigi. Ƙanin Sai-Gobe kuma ya riga ya yi magana da mai sayen tsohon ƙarfe, gobe za a kwashe duk abin da ke rumfar a ɗora a sikeli. Shi ya sa Mai Fito ya shigo ɗaukar kayansa. Da ya tarar an haɗa injin tsaf a kan katako, sai hannunsa ya kai ga igiya.

"Injina ne," ya ce da ƙarfi, yana fuskantar tagar. "In na ga dama in tayar da shi a kan rufin ɗaki."

"Shinshina."

Mai Fito ya shinshina. Ƙaurin roba ne.

"Ka ƙona robar famfo. Ita ke jawo ruwa ta sanyaya shi. Gashin kanka ya yi fari a kan kogi, ba ka san inji na shan ruwa ba?"

"Da ka ba ni kayana tun da wuri, da ban shigo ba."

"Da ka tambaye ni, da ba ka sayo wannan tarkacen ba."

"Don Allah, Malam, ka bar maganar nan," in ji matar. "Numfashinka fa."

"Buɗe tagar duka. Tayar da ni."

Ta harari Mai Fito, ta shiga. Can sai ga fuskar Sai-Gobe a taga, an tokare shi da matashi. Mai Fito ya kawar da kai. Bai san mutum na iya ramewa haka ba. Idanun ne kawai ba su canja ba, suna nan da rainin da ya sani.

"Ɗauki sifana. Ba waccan ba, makaho. Kwance notin ƙafar injin, sama da farfela."

"Ni ba yaronka ba ne."

"Da yarona ne da tuni na kore ka. Kwance."

Ya kwance. Ƙafar ta zame ta kusa faɗo masa a yatsa, aka yi wata busasshiyar dariya a taga wadda ta ƙare da tari. Da ya buɗe gidan famfon, sai ga robar ta narke, fikafikanta sun guntule.

"Sabuwa kuwa sai birni," Mai Fito ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. Ranar kasuwa jibi ce.

"Wa ya ce maka sabuwa? Ka taɓa ganin sabon abu a rumfar nan? Ga wani injin can rataye, mai fasasshen kai. Ubansu ɗaya da naka. Ciro tasa."

"Ƙaninka zai ce na yi sata."

"Roba ba ta da nauyi a sikeli. Ciro."

Aikin ya ɗauki lokaci. Notin mataccen injin sun yi tsatsa, sai da ya jiƙa su da mai ya bubbuga. Rana ta take tsaka, gumi na shiga masa ido. Duk abin da ya taɓa, sai an ce ba haka ba. Sau da yawa muryar kan ɗauke, ya ɗaga kai a tsorace, sai ya ji ta dawo da sabon zagi.

"Robar ba ta shiga," ya ce, bayan ya ciro ta ya gwada a nasa injin.

"Da ƙarfi ake yi? Uwargida, ba shi sabulu."

Matar ta ajiye guntun sabulu a kan katako ba ta dube shi ba.

"Shafa mata. Yanzu juya sandar da ke tsakiyar famfon zuwa hannun dama kana danna murfin a hankali. Dama na ce! Wanda kake cin abinci da shi."

Fikafikan suka kwanta gefe guda, murfin ya zauna. Mai Fito ya mayar da ƙafar ya ɗaure. Ba a ce masa komai ba ya gangaro da durom, ya yi ta jido ruwa daga rijiyar gidan har ya cika, ya rataya injin a bakinsa, farfela ta nutse.

"In ka gama, a ƙofarka zan zubar da ruwan nan," ya ce.

"Ka zubar. Ja igiya." Sai-Gobe ya numfasa. "In ya tashi zai yi fitsari ta baya. Tara hannu. In ruwan ya yi zafi, ka kashe. In ɗumi ne, ka faɗa min."

Mai Fito ya ja. Injin ya yi tari, ya kama. Ruwan durom ya shiga tafarfasa. Ya zuba wa ɗan ramin da ke bayan injin ido, ba komai. Sai ya tofo, ya sake tofowa, sannan ruwa ya miƙe siriri kamar zare. Ya tara tafinsa. Da fari sanyi, a hankali ya fara sauyawa. Ya jira, kada ya yi gaggawa a ce masa jaki.

"Ɗumi ne!" ya ɗaga murya. "Ka ji ko? Ɗumi ne, tsohon banza!"

Ya juya. Matar ce a tagar. Ta zare matashin, ta kwantar da mijinta, ta rufe masa idanu, leɓɓanta na motsi da salati. Ta dubi Mai Fito, ta girgiza kai sau ɗaya, ta jawo murfin tagar a hankali.

Ya tsaya a inda yake, hannunsa a tare. Ruwan na zuba a tafinsa da ɗuminsa, yana bi ta tsakanin yatsu yana komawa cikin durom.