Ɓaragurbin Zahara'u

Duk Unguwar Ya an san Zahara'u da tsafta, irin tsaftar nan mai gajiyar da mutane, wadda baƙo bai gama saka takalminsa ba an ɗauko tsintsiya. To wai ita ce Allah ya jarraba da kaza mai ƙazamin gindi.

Kazar kuwa ba ta banza ba ce. Da Innarsu ta rasu a Dingaya aka zo rabon 'yan komatsai, Zahara'u ta ce ita a ba ta kaji, don da irinsu ta buɗe ido a gidansu, wake-wake masu gajerun ƙafafu. Biyar ta kawo gidan mijinta, Malam Salihu. Bara cuta ta shigo ta kwashe huɗu, na yayarta Batulu da ke can Dingaya kuwa ko ɗaya ba ta bari ba. Saura guda tal, tsohuwa, ana ce mata Wake. In Wake ta mutu ba ta ƙyanƙyashe ba, irin kajin Inna ya ƙare ke nan.

Shi ya sa aka shagwaɓa ta. Kajin mutane na tonon bola, ita Wake kwanonta daban: ɗumamen tuwo da miyar kuka, gishiri ya ji, daddawa ta ji, yadda uwar gida take ci.

Sai ga zawo. Kashi ya riƙa manne wa gashin da ke ƙasan jelarta, ya bushe, wani ya hau kai, har ya zama dunƙule yana reto in tana tafiya. Duk ƙwan da ta saka kuma sai ya fito shafe da kashi.

Zahara'u ta ɗora ruwa ya yi ɗumi, ta zuba omo a roba, ta danna gindin Wake a ciki. Kaza ta yi fuffuka ta watsa mata ruwan kashi har baki. Ta tofar, ta yi tsaki, ta canja zane. Kwana biyu dunƙule ya dawo kamar ba a yi ba. Ƙwan ma ba ta bar su ba, kowanne sai ta sa soso ta dirje shi tas, ta goge, ta jera a akurki suna ƙyalli. Wake ta kwanta a kan tara. Aka yi kwana ashirin da ɗaya, aka ƙara uku, ko tsiyo ba a ji ba. Duka tara ɓaragurbi, ɗaya ma a hannunta ya fashe, ta yini tana wanke hannu da toka.

Zagaye na biyu bakwai ne, ta ƙara musu wanki don tana ganin na farko dattin ne bai fita sosai ba. Su ma haka.

"Malamai dai sun ce kashin kaza ba najasa ba ne," in ji Malam Salihu, yana kallonta tana zubar da su a bayan gida.

"To Malam, sai in shafa maka a rigar Juma'a."

"Ni dai da za ki ji tawa, da kin kira Yaya Batulu."

Wa? Batulun da akuya ke shiga mata har uwar ɗaka ita za ta koya mata kiwon kaza? Allah ya kiyaye. Ta juya masa baya.

Da damina ta kankama Wake ta sake fara ƙwai, da ƙyar, yau ta yi gobe ta huta. Uku ta saka, kowanne ya fi ɗan'uwansa ƙazanta. Takaici ya ishi Zahara'u. Ta tsince su da yatsa biyu ta jefa cikin ƙwaryar ƙaiƙayi, ta tura ƙarƙashin gado, ta dubi Wake.

"Na gaji. Ba zan wanke ba, ke ma ba zan wanke ki ba. Ki yi ta yawo da abinki, mara kunya."

Ta cika maganarta kuwa, kwana shida ba ta ko kalle ta ba. Ran na bakwai da hantsi ta ga Wake tsugune a gindin rumbu, fikafikai a ƙasa, ƙudaje na bin ta. Ta ɗaga jelar. Ƙarƙashin dunƙulen nan fata ta ruɓe, tsutsotsi na motsi. Ta manta da girman kai ta ɗauko waya.

Batulu ta saurare ta har ta gama, sannan ta ce, "Almakashi fa? Gashin wurin ake rage wa, kashi ya rasa inda zai kama. Me kike ba ta?"

"Tuwo da miya."

"Miya mai gishiri? Kaza kika ɗura wa gishiri, ki ce ba za ta yi zawo ba? To ƙwan da ya ƙi ƙyanƙyasa fa, ya kika yi da su?"

"Wallahi Yaya, babu wanda ban wanke da soso ba."

Batulu ta yi salati.

"Zahara'u, kin taɓa ganin Inna ta wanke ƙwan kwanci? Ƙwai da rigarsa yake fitowa, ido ba ya ganinta. Kika dirje ta, ruwa ya shige da dattin ciki. In ya yi ƙazanta sai a kankare a bushe, ko a bar shi."

Sha shida. Da hannunta, da sosonta, tana yi tana jin ta fi kowa iya kiwo. Ta rasa wa za ta zaga, sai ta zauna daɓas a kan turmi hawaye na zuba.

Wake ba ta kai azahar ba. Malam Salihu ya ga tana lumshe ido, ya yanka ta kafin ta zama mushe, aka aika wa maƙwabta naman don Zahara'u ta ce ba a tukunyarta ba. Sai a lokacin ta tuna da ƙwaryar ƙarƙashin gado. Ta sake kira.

"Akwai uku. Ban wanke ba, haushi ne ya hana ni."

"Allah ya yi wa haushin nan albarka. Ina da wata kaza da na sayo a kasuwa, jiya ta fara kwanci. Ki kawo su yau, kuma ko ɗigon ruwa kada ya taɓa su."

A Birnin Kudu ta shiga motar Gwaram za ta Dingaya, ƙwarya a cinya, an matse su huɗu a baya. Wata mata fes da ita, mai ƙamshin turare, ta leƙa ƙwaryar ta toshe hanci da gyale. Can ta zaro ruwan leda da hankici daga jaka.

"Baiwar Allah, ungo ki ɗan wanke su mana. Wannan ai ƙazanta ce."

Zahara'u ta ji maganar sak irin tata. Abin haushin ma hannunta har ya fara miƙewa. Ta janye shi, ta ja bakin mayafinta ta rufe ƙwaryar, ta ɗora hannu biyu a kai.

"Hajiya, na wanke sha shida," ta ce. "Ki bar min ukun nan."