Dallatun Tsakiya

Garzali injiniya ne, yana zaune a Al Wukair, kusa da Doha, da iyalinsa shekara tara. 'Yarsa Mufeeda a Doha ta yi wayo, tana aji biyar. Suna da tarihin gida mai daɗin faɗa: kakan kakansu, Dallatu, ya yi hakimcin ƙasar Rafin Kanya tun kafin zuwan Turawa. Abin da ba su da shi kawai shi ne sunansa da shekarunsa.

Su kuwa takardar makaranta take nema. Ranar Lahadi kowane ɗalibi zai tsaya gaban aji ya gabatar da wani kakansa, kuma Mufeeda ta riga ta gaya wa kowa nata gwamna ne.

Bayan an sauko daga Juma'a suka zauna a falo.

"Rubuta," in ji Garzali. "Dallatu ya gina ganuwa. Ya haƙa rijiyoyi bakwai. Shi ya tari Turawa a ƙofar gari."

Mufeeda ta yi lissafi a gefen takarda, ta ɗago. "Abba, ka ce ganuwar ta girmi zuwan Turawa da shekara casa'in. Shekara casa'in yana mulki?"

"Mutanen da suna daɗewa."

"To sunansa?"

"Dallatu mana!"

"Malama ta ce sunan yanka."

Shekara tara Garzali yana ba abokan aikinsa wannan labari, ba wanda ya taɓa yi masa tambayar. Ya kira yayansa, bai ɗauka ba. Ya kira wani kawu, kawun ya yi minti ashirin yana kirari, babu suna ko ɗaya a ciki. Mufeeda ta jefar da biro.

"Kalas, shi ke nan! Zan ce ba ni da kaka."

Sai ya kira mahaifiyarsa, Hajiya Fatsuma, ya sa wayar a tsakiya, Mufeeda ta faɗa mata abin da take nema.

"'Yar Larabawa, yau an tuna da ni?" in ji Hajiya. "Wane Dallatun kike nema? Na ganuwa ko na rijiya?"

"Hajiya, ba mutum ɗaya ba ne?" in ji Garzali.

"Kai, Injiniya! Sarauta ce fa. Su uku suka yi ta a jere. Na ganuwa da na rijiya ba danginku ba ne. Naku na tsakiya ne, shekara biyu ya yi aka tuɓe shi."

Garzali ya dafe kai. Idon Mufeeda ya cika da hawaye.

"Me ya yi aka tuɓe shi?"

"An aiko daga fada ya kwashi maza su je gyaran ganuwa, ga ruwan shuka ya sauka. Ya ce sai an gama shuka. Aka sake aikowa, ya sake faɗa. Aka karɓe rawanin. Gari dai ya ci tuwo a shekarar."

"Sunansa fa, Hajiya?"

"Wannan ba ya fita a bakina. Sunan Malam ne, tambayi ubanki."

Malam shi ne marigayi mijinta. Garzali ya ce a hankali, "Usaini."

Mufeeda ta tsinci biron. Ta soke ganuwa, ta soke rijiyoyi, ta soke Turawa. Layi uku suka rage, ba su ko kai rabin shafi ba, ta yi tsaki. Amma a gurbin suna ta rubuta Usaini. Ta gane cewa Dallatu sunan kujera ne da mutane suka hau suka sauka, kuma abin da kakanta ya yi da kansa shi ne ya bar mutane suka yi shuka.