Sunan Dogo Ya Koma Ja

"Baba Dogo, ɗan tashi mana," in ji Manaja.

Dogo ya ɗaga kai daga rigar da yake gogewa. Ya dubi Manaja, ya dube ni a bakin ƙofa, ina rungume da ɗinkin da na kawo a goge mini. Sannan ya dafa tebur ya miƙe a hankali. Manaja ya sunkuya ya janye doguwar kujerar daga bayansa, ya saɓa ta a kafaɗa.

"Ina za ka kai ta?" na ce.

"Anti, ba ni na ce ba. Alƙaluma ne suka nuna. Mai guga a tsaye ya fi mai guga a zaune sauri."

"Alƙaluman naka sun san shekarunsa?"

Dogo ya yi dariya, irin wadda yake yi idan yana so a bar magana. "Rabu da shi, Tela. Dama tsawon nan nawa asararsa nake yi a zaune."

Ya ci gaba da guga. Ni kuwa na ajiye kayana na fita raina a ɓace.

Ni tela ce. Bango ɗaya ne tsakanin shagona da shagon wanki da gugar da Dogo yake aiki, kuma a gidan hayar da muke zaune ƙofata tana kallon tasu. Matarsa Yaya nake ce mata, don ta girme ni, kuma ita ta riƙe ni lokacin da mijina ya rasu. Dogo da mahaifin Manaja suka fara shagon nan, da tebur ɗaya da dutsen guga na gawayi. A wuyan Dogo Manaja ya yi wayo. Har fitsari ya sha yi masa a wuya, kuma duk unguwa an san labarin. Da uban ya rasu, ɗan ya dawo daga karatu ya karɓi shago, ya ce daga yau a riƙa ce masa Manaja.

Ba zan yi masa ƙarya ba, shagon ya tarar a kwance. Wandon wani yana tafiya gidan wani. Mutum ya zo karɓar kayansa a ce ya dawo gobe, goben ma a ce jibi. Sai Manaja ya ɗauko wata mata mai aikin kwamfuta, ta kwana biyu tana zuwa, ta saka musu manhaja a waya. Kowace riga ta shigo, a maƙala mata 'yar takarda mai lamba. Mai wanki ya haska lambar da waya, mai guga ma ya haska idan ya fara, ya sake haskawa idan ya gama. Kaya suna kammala saƙo zai tafi wayar mai su. Manhajar tana faɗin ranar da aiki zai yi yawa, tana faɗin sabulu ya kusa ƙarewa tun kafin ya ƙare. Shago ya farfaɗo. Aka sayi injin busar da kaya, aka ɗauki sababbin masu guga. Ni kaina sai da na ce matar ta saka mini irinta, kuma tun daga lokacin masu kawo mini ɗinki suka rage kirana maƙaryaciya.

Abin da ban so ba shi ne allon kwamfuta da aka kafa a bango, a saman kantar karɓar kaya. Sunan kowane ma'aikaci yana jiki. Mai sauri sunansa kore, mai dama-dama rawaya, wanda ya yi baya ja. Duk wanda ya shigo shagon yana gani.

Da farko Dogo kore ne, yana ma tsokanar matarsa da abin. "Ki riƙa girmama ni, yanzu a talabijin nake aiki." Sai ya koma rawaya. Bayan an ɗauke kujerar bai daɗe ba ya zama ja, ya zauna a jan.

A gida mun ga wani abu, amma ba mu san girmansa ba. Wata safiya na fito shara na tarar da shi a bakin ƙofarsu yana kokawa da takalmi. Ƙafar ta kumbura, ta ƙi shiga.

"Dogo, wannan ƙafar ba ta guga ba ce, ta asibiti ce."

"Faɗa masa dai," in ji Yaya daga ciki. "Ni bakina ya gaji. Mutum ba ya iya kwanciya sai ya jingina da bango."

"Asibiti layi ne, Tela," ya ce. "In na yi rabin yini a can, allon nan cewa zai yi na mutu."

Ya taka bayan takalmin ya mai da shi silifa, ya tafi.

Ranar na je na sami Manaja da kaina. Na ce ya ba tsohon nan yini ɗaya ya ga likita. Ya saurare ni da ladabi, har da ba ni ruwa mai sanyi. Ya ce ai ba matsala, sai dai yanzu ba da baki ake neman hutu ba, a manhaja ake nema, ita take duba ranar da aiki ya yi sauƙi ta bayar, don kada a ce an fifita wani. Dogo ya nema. Manhaja ta ba shi wata rana a cikin watan gobe.

"To ai sun ba ni," ya ce da na yi masa faɗa. "Ciwon zai jira. Ya san ni, na san shi."

Bayan haka aka sake masa wuri. Teburin gaba, wanda yake kusa da ƙofa inda iska take shigowa, aka ce na mai sauri ne, saboda kayan gaggawa. Aka mai da Dogo ɗakin baya, gefen injin busar da kaya. Ɗakin ba taga. Ko leƙawa ka yi sai ka ji kamar an kifa maka tukunya mai zafi a fuska. A nan yake yini a tsaye, da tawul a wuya, yana goge zannuwan gado na wani masauki.

Ɗakin nan shi ne ya jingina da bangon shagona. Ina kan keke ina jin dutsensa, ya buga, ya ja, ya buga, ya ja. Har na saba, ba na ma lura sai ya yi shiru.

Ranar da abin ya faru, rana ta take sosai. Ina datsa hannun wata riga sai na ji ƙauri. Na duba nawa dutsen, a kashe yake. Na shinshina, ƙaurin ta saman bango yake zuwa. A iya zamana da Dogo ban taɓa jin ya ƙona ko hankici ba. Na yar da almakashi na fita ko takalmi ban sa ba.

Manaja yana kan kanta yana danna waya. Na wuce shi na tura ƙofar baya.

Dogo yana zaune a ƙasa, ya jingina da injin, dogayen ƙafafunsa a miƙe har ƙarƙashin tebur. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Dutsen yana kife a kan farin zanin gado, hayaƙi yana tashi. Ya buɗe ido ya gan ni.

"Tela," ya ce, muryar can ƙasa. "Ɗaga dutsen nan. Kayan mutane ne."

Na ɗaga, na cire wuta, na durƙusa na tallabo kansa. A lokacin wayar da take aljihunsa ta yi ƙara. Na zaro ta don in kira Yaya, sai na ga saƙo a fuskarta, har biyu, duk daga Manaja. Na farko ya ce: "Baba Dogo, na ga aikinka ya tsaya." Na biyu ya ce: "Don Allah a ci gaba, masu masauki suna jira."

Ashe allon ya nuna masa tun ɗazu cewa hannun Dogo ya tsaya. Tsakanin kanta da ɗakin nan ƙofa ɗaya ce. Bai tashi ya tura ta ba, ya zauna ya rubuta saƙo.

Muka ciccibe shi, ni da Manaja da matar da take kan injin wanki, muka sa shi a motar kai kaya, a kan ƙullin wankin mutane. Yaya ta same mu a asibiti, mayafinta a hannu. Kafin rana ta faɗi ya cika. Likitan ya ce zuciya ce, kuma ta daɗe tana ba da sanarwa. Ya tambaya me ya sa ba a kawo shi da wuri ba.

Washegari bayan an dawo daga binne shi, tsakar gidanmu ta cika da mutane. Can da yamma, da aka ragu, Manaja ya shigo. Idanunsa sun yi ja, kuma na yarda kukan gaske ya yi. Ya durƙusa a gaban Yaya.

"Mama, Allah ya jiƙan Baba. Wallahi uba ne a wurina."

"Amin," ta ce. "Na gode, ɗana."

Da ya tsaya a nan, da ya tashi da mutuncinsa. Amma ya ji idon mutane a kansa, ya ji nawa musamman, sai ya so ya wanke kansa. Ya zaro babbar wayarsa ya buɗe.

"Ina so ku sani ba aikin ranar ne ya jawo ba. Abin ya daɗe. Ku duba nan." Ya juya mata fuskar wayar. Wani layi ne, ya taso daga sama ta hagu, yana gangarowa a hankali har ƙasa ta dama. "Tun watannin baya yake sauka. Kullum da rana sai ya riƙa tsayawa, tsayawar tana ƙara tsawo. Komai yana nan a ajiye."

Yaya ta karɓi wayar da hannu biyu. Ba ta iya karatu sosai ba, amma layi ba ya bukatar karatu. Ta ɗora yatsa a samansa ta bi shi har ƙasa.

"Wannan mijina ne?"

"Aikinsa ne, Mama."

"Daga nan ya fara?"

"E."

"Kana ganin wannan kullum?"

"Kowace safiya nake dubawa."

Ta jinjina kai. "Ni da nake ɗaki ɗaya da shi, ƙafa kawai na gani. Ban san tun can ya fara ba. Kai ka riga ni sani." Ta miƙa masa wayarsa. "Da kake gani, ka taɓa ce masa, Baba lafiya kuwa?"

Manaja ya karɓi wayar. Ya dube ni kamar zan cece shi.

"Anti, manhajar ba don ciwo aka yi ta ba. Sauri kawai take aunawa."

"Ita kenan," na ce. "Kai fa, don me aka yi ka?"

Wata tsohuwa ta taɓa ni ta ce in yi haƙuri, gidan rasuwa ne. Manaja ya tashi ya fita, ya manta takalminsa ɗaya a juye a bakin ƙofa, sai da ya dawo ya ɗauka.

Shago bai rufe ba ko na yini ɗaya. A ranar da aka binne Dogo ma saƙo ya shigo wayata, tunda ina da ɗinki a wurinsu. Ya ce suna ba da haƙuri kan jinkirin da aka samu saboda ƙarancin ma'aikata, kuma komai zai daidaita nan ba da daɗewa ba. Ya kuwa daidaita. Aka kawo wani ƙaƙƙarfa aka sa a ɗakin baya. Da na leƙa karɓar kayana na ɗaga kai na dubi allon, sunaye duk kore, ba ja ko ɗaya. Matar injin wanki ta raɗa mini cewa Manaja ya ce watan nan ya fi kowane wata kyau. Na kwashe kayana, ban sake kai musu ba. Yanzu da kaina nake guga, ina ƙona na ƙonawa, ina ba da haƙuri. Ta bango ina jin dutsen sabon mai gugar, da sauri-sauri, kamar ana korarsa.

Da kwanaki suka ja, baƙi suka watse, 'ya'yan Dogo suka koma garuruwan da suke aure da aiki. Wata safiya na fito zan tafi shago, na ga Yaya a bakin ƙofarta ta yi shirin fita kasuwa. Ban taɓa ganinta haka ba. Zaninta duk ya yamutse, ɗankwalin ma kamar an tauna shi.

Ta ga inda idona ya sauka.

"Kin san ban iya ba?" ta ce. "Tun da ya aure ni ban taɓa riƙe dutsen guga ba. Ko ya dawo a gajiye sai ya ce in kawo, wai matar mai guga ba ta fita a yamutse. Jiya na gwada, na rasa inda ake rage wutar."

"Kawo in goge miki, Yaya. Yanzu-yanzu."

"Bari. Je ki shagonki, kin makara."

Ban tafi ba. Na ajiye jakata na zauna kusa da ita a kan dakali. Ta jawo gefen zanin ta shimfiɗa a kan gwiwarta, ta sa tafin hannu tana shafa shi, daga sama zuwa ƙasa, a hankali. Ta ɗaga hannun ta duba, ta mayar, ta ci gaba da shafawa.