Wanda Duniya Ke Ambato

Tsumman ya manne da ciwon. Auta ta jiƙa shi da ruwan ɗumi, tana ɓamɓarowa a hankali, tana numfashi ta baki don kada warin ya sa ta yamutsa fuska Inna ta gani. Inna kuwa ba ta ciwon take ba. Ta karkata kai wajen rediyon da ke kan taga.

"Ƙaro mana murya, uwar garaje. Yayanku ne."

Shi ne kuwa. Mai gabatar da shirin ya kira shi Farfesa, ya ce a binciken ciwon daji samun kamarsa sai an tona. Masana daga ko'ina suna ambaton ayyukansa a cikin nasu rubuce-rubucen, kuma da yawan wannan ambaton ake auna darajar masani. Yaya ya yi 'yar dariya, ya shiga bayani a natse. Ya ce jikin mutum cunkus yake da ƙananan ƙwayoyin halitta, kullum kuma cikin aika wa juna saƙo suke: ke ki ƙaru, ke ki dakata, ke lokacinki ya yi. Ciwon daji, in ji shi, yakan fara ne ranar da saƙon dakatawa ya ɓata a hanya, ko kuma ya isa amma wadda aka aika wa ta kurumce.

Inna ba ta gane rabin zancen ba, amma ta tsinci kalma ɗaya ta riƙe.

"Kin ji ko? Duniya na ambatonsa."

Ita kam ba ta taɓa ambatonsa ba. Ɗan farinta ne, kunyarsa take ji tun yana goye. In za ta yi maganarsa sai ta ce Yayanku, in kuma raha ta motsa ta ce mutumin jami'a. Sunan da baƙi ke bugawa a mujallu bai taɓa ratsa leɓenta ba.

Tun bara abin ya fara, ɗan ƙullutu a nonon hagu, bai fi ƙwayar wake ba. Auta ta ce su tafi asibiti. Inna ta dube ta sheƙeƙe. Ta ce ita, uwar babban malamin ciwon daji, ta je ta bi layi wajen yaran da shi ya koyar? Mutane su ce me? Ai zubar masa da mutunci ne. A bari ya zo, abin da ya ce shi za a yi. Auta ta ce to a gaya masa. Inna ta ce a gaya masa, amma duk ranar da ta kuskura ta faɗa masa a inda ciwon yake, ba ta yafe ba. Uwa ba ta buɗe wa ɗanta namiji wannan zancen.

Don haka Auta ta riƙa tura masa saƙo mai lulluɓi. Inna ba ta jin daɗin jikinta. Inna na fama da ɗan ƙurji. Inna na tambayarka. Amsar takan zo bayan kwana biyu, gajera: Allah ya sauwaƙe, a ba ta maganin zazzaɓi, ina tafe da na gama wannan rubutun. Wata rana ya aiko direba da lemo da sabon bargo. Inna ta shimfiɗa bargon a kan gado don masu zuwa gaisuwa su gani.

Ƙullutun bai jira rubutu ba. Ya girma, ya taurare, ya ja fata ciki, sannan ya fashe.

Auta ta matse tsumman a cikin roba, ruwan ya rine. A rediyo an koma talla.

* * *

Washegari ta rufe shagon ɗinkinta da kayan mutane a kan keke, ta hau mota zuwa jami'a.

Ginin sanyi ƙalau. Dogon baranda, warin sinadari, firji-firji suna gurnani a jere. Ta cikin gilashi ta hango matasa cikin fararen riguna da safar hannu, suna ɗiga wani ruwa mai ja-ja a ƙananan farantai, a hankali kamar masu ba jariri magani. Ta tuna robar jiya, ta kau da kai.

Sakatariya ta tambaye ta ko Farfesa ya san da zuwanta. Auta ta ce uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Matar ta yi murmushi ba tare da ta ɗago ba, ta ce a wannan makon ko matarsa ce sai ta zauna a benci.

Ta zauna. Ƙofar ofishin ba ta gama rufuwa ba, muryarsa na fitowa, waya yake yi. Ba muryar rediyo ba ce, wannan ta mai ciniki ce. Yana cewa abokin maganar ya sa ayyukansa a cikin rubutun da zai fitar, shi ma zai sa nasa a nashi. Ko ba su shafi batun sosai ba, wa zai tsaya dubawa? Shi dai so yake lambar yawan ambatonsa ta motsa kafin masu ba da tallafi su zauna, don ita kaɗai suke kallo.

Auta ta miƙe ta tura ƙofar.

Ya rame. Furfura ta cinye masa gefen kai, idonsa ja. A bango takardun yabo ne cikin gilashi, a kwamfutarsa kuma wani zane ne na sanduna, kowace ta fi ta bayanta tsawo. Ya kashe wayar, ya ce, "Autar Inna, ke ce da rana tsaka? Keken ya lalace ne?"

Ta shirya maganar a mota, da gaisuwa da kewaye-kewaye. Duk ta zube.

"Nononta ne, Yaya. Na hagu. Ya fashe."

Bai motsa ba. Can ya fara tambaya, murya ƙasa-ƙasa. Tun yaushe? Akwai kumburi a hammata? Tana kukan ciwon baya? Tana tari? Kowace amsa ta ba shi sai ya ƙara nutsewa cikin kujera. Ta ga alama ya san hanyar da ciwon ya bi, zango-zango, da sunan kowane zango.

"Me ya hana ku zuwa asibiti?"

"Kai muke jira."

Ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce shi fa ba likitan asibiti ba ne. Bai taɓa duba mara lafiya ba, ko allura bai iya ba. Ƙwayoyi yake dubawa a faranti, ya rubuta abin da ya gani, wasu su karanta. Ya faɗi haka yana kallon tebur.

"A rediyo ba ka faɗi haka ba," in ji Auta. "A gida ma ba ka taɓa faɗa ba."

Bai musa ba. Shekara da shekaru dangi na kiransa likitan ciwon daji a gabansa, yana murmushi yana karɓar gaisuwa. Ita ma Auta ba ta da bakin yin dogon faɗa. Kalma ɗaya ce ta riƙe a baki tun bara, don tsoron fushin Inna, ga shi yau ta faɗe ta kuma rufin ɗakin bai faɗo ba.

Ya ɗauki waya ya kira wata likita.

* * *

Da aka ce umarnin Yayanku ne, Inna ta saka mayafinta mai kyau ta shiga mota ba gardama.

Likitar yarinya ce, mai sanyin hannu. Ta buɗe ciwon, ta daɗe tana kallo, ta rufe. Aka yi hoto, aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito ta ja Auta baranda, ta ce ciwon ya riga ya shiga ƙashi da huhu. Abin da ya rage a rage mata zafi. Da a ce tun yana ɗan ƙullutu aka zo, da zancen ya bambanta. Sannan ta tambaya, kamar mai jin nauyin tambayar, wai da gaske mahaifiyar Farfesa ce? Ta ce shi ya koyar da ita, ko a rubutunta na kammala karatu ta ambace shi ba adadi.

Auta ta ce da gaske ne.

Da suka koma ciki Inna ta tambayi likitar ko ɗalibarsa ce. Ta ce e. Inna ta gyara kwanciya, ranta fari, ta ce ai ta gani a hannunta.

Ya zo gida bayan an sallame su. Inna na jin tsayuwar motarsa ta sa Auta ta kunna turare, ta ja bargon nan har wuya. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta. Ta amsa tana kallon bango, ta ce jiki da sauƙi, 'yar gajiya ce, Auta ce da zuzuta abu. Ya murza hularsa. Daga baya ya ce akwai wani babban taro a ƙasar waje, shi zai buɗe shi da jawabi, kuma tallafin ɗakin bincikensa da abincin yaran da ke aiki a ƙarƙashinsa duk a kan taron suke. Amma zai fasa.

"A fasa a kan me?" in ji Inna, ba ta juyo ba. "Mutane na can suna jira. A tashi a tafi."

Auta ta zuba masa ido. Kalma ɗaya take so ya faɗa, a'a. Ya dubi bargon, ya dubi ƙasa. Ta ga kafaɗunsa sun sauka, irin saukar wanda aka ɗauke wa kaya.

A bakin mota ya ce mata da ya dawo zai tare a gidan gaba ɗaya. Ta san wannan maganar. Tana da irinta da yawa a waya.

* * *

Ranar da abin zai faru, da la'asar ne, rana ta shigo ta taga ta kwanta a ƙafar gado. Inna ta kwana biyu ba ta magana. Auta na ɗiga mata ruwa a leɓe da cokali sai ta ji ta motsa baki. Ta kai kunne.

Sunansa ne. Sunan yanka, tsirara, babu Yaya babu Farfesa. Ta faɗe shi a hankali, ta ja ƙarshensa, yadda ake kiran yaron da ya yi nisa da gida wajen wasa. Ta sake faɗa. Ta sake.

Auta ta lalubo waya ta kira shi. Wayarsa a kashe take. Ta kuma kira, wata murya ta ce a sake gwadawa an jima. Ta ajiye, ta riƙe hannun Inna, ta riƙa amsawa a madadinsa, na'am, na'am, har kiran ya tsaya.

Ya iso bayan an kai ta. Masu gaisuwa suka yi ta miƙewa suna ba shi hannu biyu, wani tsoho na cewa ai ko ba komai ta samu kulawar da babu wanda ya samu, ɗanta ne likitan ciwon. Ya wuce su ya shiga ɗakin. An kwashe katifa, an wanke ƙasa, amma warin bai gama fita ba. Bargon na ninke a kan kujera. Ya zauna a ƙasa, har da katin taron rataye a jakarsa.

Auta ta kawo masa ruwa. Bai sha ba.

"Ta ce wani abu?"

"Ta ambace ka."

"Yayanku?"

"A'a. Da sunanka."

Ya ɗago. Ya ce bai taɓa jin sa a bakinta ba, ko sau ɗaya, har yakan yi tunanin ko ta manta shi ne.

Wayarsa da ke ƙasa ta yi haske, ta girgiza. Auta ta ga rubutun kafin ya kife ta: sanarwa ce, wani masani a wata ƙasa ya ambaci aikinsa.

"Yaya ta faɗe shi?" ya tambaya. "Faɗa mini yadda ta faɗa."

Auta ta buɗe baki. Ta ji muryar Inna a kunnenta sarai, da yadda ta ja ƙarshen. Amma ita ma tun da ta yi wayo Yaya take ce masa, sunan ya ƙi fitowa. Ya jira. Ta rufe baki.

A tsakaninsu wayar ta sake girgiza, a kife, tana ɗan ja da kanta a kan simintin da aka wanke.