Tukwanen Tabawa

A unguwar Malaz aka ce wai 'yan baladiyya, ma'aikatan hukumar gari, ne suka rufe wa Tabawa sana'a, don kunun zaƙinta ya kwana ya zama giya. Matar da ta tsufa tana shayar da ɗalibanmu? Haushi ya sa na hau tasi zuwa unguwar Gubaira, inda take.

Na tarar da ita zaune, tukwane a kife.

"Tabawa, wa ya zo kama ki?"

"Hajiya, ina ma an zo. Da ko shi na sayar wa kofi guda."

"Ɗaliban fa?"

"Suna wajen yaran nan masu zoɓo da na'ana'a a kwalba, ana oda ta waya."

Babu wanda ya rufe ta. Masu saye ne suka daina zuwa.