Ranar da Saratu Ta Bar Kawaici

A ƙauyen Banga kowa ya shaidi Saratu da kawaici. Ko zaginta aka yi, sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da sussukarta. Ɗanta na fari, Kamalu, har ya yi gemu ya yi aure ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma taɓa shigar masa faɗa ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, sai aka sace bijimin wani Bawa. Masu bin sawu suka tsaya bakin gonar Kamalu, aka kama shi aka kai Ƙaura Namoda. Gari ya ɗauka cewa hannu za a yanke.

Saratu kuwa ta san ɓarawon. Ranar kasuwar Shinkafi da hantsi, tana dawowa daga itace, ta ga Labbo, ƙanen mijinta, yana jan bijimin ta cikin dawar Kamalu.

Kwana shida ba ta iya cin tuwo ba. Ran na bakwai ta durƙusa gaban mijinta, Malam Tukur, mai karantar da yara a zaure.

"Malam, Labbo ne. Da idona na gan shi."

"Na sani. Amma in kin faɗa, gidan nan ya tsage. Ki yi kawaici, Allah zai fid da yaron."

"Mi ake nufi da kawaicin nan, Malam?"

"Ki gani ki kawar da kai, don kada a yi rigima. Ina jin daga nan ma kalmar ta fito."

"Shekara talatin ina kawar da kaina," in ji ta. "Abin da ya shafe ni ne nake yafewa. Hannun nan ba nawa ba ne balle in yafe shi."

Washegari ta yafa mayafi ta kama hanya a ƙasa, ba ta jira mota ba. Ta isa kotu ƙafa a fashe, ta kutsa tana kuka, masu gadi suka tare ta, sai da alƙali ya sa aka bar ta.

"Baiwar Allah, a kan wa kike magana?" in ji alƙali.

Ta dubi ɗanta a tsugune, ya rame, ya cusa hannayensa cikin riga.

"Kamalu," ta ce. "Ɗana Kamalu. Allah gafarta Malam, ba shi ba ne."

Ta zayyana abin da ta gani. Alƙali ya ce shakka ta shigo, ya ɗage zama, ya aika a zo da Labbo. Aka tarar ya tsallaka Nijar.

Bayan mako biyu aka saki Kamalu. Malam Tukur bai sake ta ba, bai kuma ƙara cin abincinta ba. Da aka gama girbi, Kamalu ya ɗora kayanta a amalanke ya kai ta garin Dauran, wurin dangin uwarta.