Ƙwallon Ɗan Masunci

Fumie tana ɓare wa mijinta lemo aka danna ƙararrawar ƙofa. Wani dattijo ne da rana ta ƙona wa fata, rungume da wani abu a ƙunshe cikin ƙyalle. Ya ce sunansa Isogai, masunci ne, shekara talatin ya yi a manyan jiragen ruwan da ke tashi daga tashar Shimizu. Tambaya ɗaya ce ta kawo shi.

Ta shigo da shi, ta zuba masa shayi. Daga ɗakin ciki ana jin alƙalami yana karce takarda ba tsayawa. Mijinta ne, Kuroiwa, wanda ya yi shekara sha huɗu yana tare ƙwallo da ka a filin ƙwallon ƙafa kafin ya koma rubuta littattafai. Yanzu ƙwaƙwalwar ta tafi. Daga safe har yamma sunansa kawai yake rubutawa.

Isogai ya kwance ƙyallen. Tsohuwar ƙwallo ce, da sa hannu a karkace kamar tafiyar ƙaguwa. Ya ce ta ɗansa Shunpei ce. Yaron ya kwanta asibiti yana da shekara sha ɗaya, uban kuwa yana tsakiyar teku. A waya yaron ya gaya masa Kuroiwa da kansa ya zo, ya zauna a bakin gadonsa, ya sa masa hannu. Kafin jirgi ya dawo yaron ya rasu, an ƙone gawar bisa al'ada. Bana ya kai ƙwallon makarantar yaron don a ajiye cikin akwatin gilashi. Makarantar ta nuna wa wani masani, ya gwada sa hannun da na kan riguna da littattafai fiye da ɗari, ya ce jabu ne.

"Uwargida, ba ƙwallon ce ta dame ni ba," in ji shi. "So nake in san ko ɗana ƙarya ya yi mini. Maganarmu ta ƙarshe ke nan."

Tun kafin ya gama kwance ƙyallen Fumie ta gane rubutun. Na mijinta ne na ainihi, mummunan rubutun da yake jin kunyarsa. Kyakkyawan da duniya ta sani nata ne. Tun shekarar aurensu take zama a kicin tana sa hannu a madadinsa: riguna, hotuna, daga baya dubban littattafai, har da wanda ya rubuta a kan riƙon gaskiya, wanda malamai ke karanta wa yara. Don fita cikin jama'a ya koyi kwaikwayon nata. Ranar da ya je asibitin nan kaɗai hannunsa ya manta, ya yi nasa. Ya dawo gida bai ci abinci ba.

Ƙarar alƙalamin ta tsaya.

Kuroiwa yana tsaye a bakin ƙofa, ba wanda ya ji takunsa. Ya dubi ƙwallon, sannan ya dubi matashin zaman da ke kusa da baƙon, wanda ba kowa a kai, ya ɗan rusuna masa.

"Yaron gefen taga," ya ce. "Ƙafafunsa sun yi sanyi. Ku sa masa safa mana."

Isogai ya matso kusa da shi. Ya tambaye shi ko ya tuna yaron, ko ya tuna sunan asibitin. Kuroiwa ya ƙura masa ido.

"Kai ne alƙalin wasa? Ai ban taɓa shi ba."

"Zauna, Baban Chizu," in ji Fumie, yadda ta saba kiran mijinta.

Bai zauna ba. Ya ɗauki ƙwallon, ya juya ta inda ba rubutu, ya sa hannu sarai, ba gargada. Rubutun Fumie ne, har da ƙugiyar ƙarshe da take yi.

Isogai ya daɗe yana juya ƙwallon, ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ko makaho ya san ba hannu ɗaya ba ne. Ya gyaɗa kai, ya ce ya gode, ya kuma ba da haƙurin ɓata musu lokaci. Yaro ne, in ji shi, wataƙila da kansa ya rubuta don kada ubansa ya ji an bar shi shi kaɗai. Ya fara naɗe ƙwallon cikin ƙyallen.

Shiru kawai ake buƙata daga Fumie. Shekara talatin tana yin sa, ta iya. Mutumin zai tafi, sunan mijinta zai zauna yadda yake, laifin ya bi yaron da ba shi da bakin musu.

Ta zare alƙalamin daga hannun mijinta. Ta jawo takardar da aka naɗo lemo a ciki. Ba ta kalli takardar ba, fuskar Isogai take kallo, ta sa hannun sau uku a jere, ta tura masa.

"Wannan nawa ne, tun fil azal," ta ce. "Na ɗanka shi ne nasa na gaske. Je ka gaya wa makarantar, ka ce ni na faɗa."

Kuroiwa ya leƙa takardar ta saman kafaɗarta.

"Baiwar Allah," ya ce a hankali, "wa ya koya miki sunana?"